Rabin Gashin Bakin Chandi

Idan ka ji mutanen Chembukari suna ihun, "Kawo faranti, ya fara!" kada ka ɓata bakinka wajen tambayar wanda ya fara. Chandi ne, kuma waƙar Kirsimeti ce.

Shekara talatin Chandi ya yi yana yankan tikiti a jirgin fasinja da ke zirga-zirga a rafukanmu, yana ƙwala sunayen ƙauyuka a kan ƙarar inji. Da ya yi ritaya sai ya dawo gida da kadara biyu. Ta farko murya, wadda in ya yi atishawa a wannan gaɓa kare zai yi haushi a waccan. Ta biyu gashin baki, baƙi wuluk, mai kauri, a murɗe gefe da gefe kamar ƙahon ɓauna. Kullum da safe sai ya shafa masa man kwakwa kafin ya gaida matarsa Sosamma.

Shekara ashirin da biyu da suka wuce Allah ya jarrabi garinmu, Chandi ya tsara waƙa. Baiti goma sha huɗu ce. A kowane baiti wata dabba ce take zuwa gaida jariri Yesu a komin dabbobi, ta durƙusa, ta yi kukanta, kuma ba a shiga sabon baiti sai an maimaita kukan duk waɗanda suka riga ta zuwa. Jaki ne a gaba, sauro ne na ƙarshe, a tsakani har da giwa da kada. Wani tsohon Fada, limamin cocinmu, ya taɓa gaya masa cewa babu giwa a Baitalami. Chandi ya ce, "Fada, da kai aka je?"

Tun daga nan, duk shekara in mawaƙan coci suka fita zagayen gida-gida a kwalekwale, sai an yi waƙar, don babu mai muryar da za ta danne tasa. Jarirai sun yi kuka, tsofaffi sun yi tsaki, wata amarya ma an ce saboda ita ta koma gidan iyayenta yin biki. To bana sai aka naɗa Malam Pothen, tsohon hedimasta, shugaban mawaƙa. Abu na farko da ya yi shi ne ya ɗauki jan biro ya soke waƙar daga jeri.

A shagon shayi Chandi ya same shi, yana karanta jarida a bayan tabarau.

"Malam, na ji wata magana, na ce ƙarya ake maka."

"Ba ƙarya ba ce, Chandi. Bana mun sallami jakinka, ya je ya huta."

"Waƙar da mutane ke jira tun watan Nuwamba?"

"Jira suke kamar yadda ake jiran ambaliya."

Shago ya fashe da dariya. Chandi ya naɗe farin zanensa, irin wanda mazanmu ke ɗaurawa, zuwa gwiwa, ya ɗora ƙafa a kan benci.

"Hassada ce kawai! Tun kafin a haifi uwar mai sabulu balbela take da farinta. Ku riƙe gangarku da fitilunku. Ni kaɗai zan fita, kuma gida arba'in ɗin garin nan sai sun saurari waƙata tun daga jaki har sauro, suna roƙon ƙari!"

"Arba'in ya yi yawa, ni ba mugu ba ne," in ji Malam Pothen. "Gida ɗaya tak. Amma ban da naka, don Sosamma ba sauraro take ba, haƙuri take."

Nan fa baki ya yi abin da ya saba, ya yanka wuya. Chandi ya kama gefen gashin bakinsa na dama, ya ja shi sama don kowa ya gani.

"In aka kaɗa ƙararrawar ƙarfe shida ran jajibere ban samu gidan da ya ji ta har ƙarshe ba, a aske min rabin wannan a matakalar coci!"

A wajenmu namiji yakan rantse da gonarsa ya warware, amma rabin gashin baki ba a maida shi ciki. Velappan wanzami, wanda ke kusurwa yana tsoma biskit a shayi, ya ɗago kai ya dubi gashin kamar mahauci ya ga sa.

"Ni ba ɗan cocinku ba ne," ya ce, "babu ruwana da jaki ko sauro. Ku sa ni alƙali. Zan bi shi a jirgi, da askata a aljihu."

Labari ya riga Chandi isa gida. Ya tarar da Sosamma tana kankare kwakwa da ƙarfin da ya fi na kullum.

"Baban Lisi, da gaske ka jingina gashin bakinka?"

"Ba jingina ba ce, nasara ce da ba ta iso ba tukuna."

"Shekara ashirin da biyu ina toshe kunne da auduga ban gaya wa kowa ba. Yanzu kuma so kake in zauna da mai rabin fuska?"

"Auduga? Ba ce min kika yi sanyi ke shigar miki kunne ba?"

"Shi ne sanyin."

Chandi ya ɗauka wasa take. Ya shiga ɗaki ya fara gyaran murya, kajin gidan suka fice ta ƙarƙashin shinge.

Ran jajibere, tun ƙarfe ɗaya na rana ya sauka bakin ruwa, don ya riga mawaƙan coci da ba sa fita sai yamma. Ya sa jar riga, ya ɗaura tauraron takarda a hancin kwalekwale. Matuƙinsa Kochappi ne, ƙanin Sosamma, mutum mai kasala wanda ya yarda ya zo don an ce akwai ci. Tunda ganga tana hannun Malam Pothen, an aiki Kochappi ya nemo abin kiɗa, shi kuwa ya ga wata tsohuwar garwa a rataye a rumfar Thankan mai kiwon agwagi, ya ɗauko ba tare da tambaya ba. Velappan ya zauna a tsakiya, yana wasa aska a tafin hannu.

Kowa ya san ladabin zagayen waƙa. Mawaƙa su tsaya a ƙofar gida su yi ta rerawa har mai gida ya fito da faranti. Da zarar faranti ya iso gabanka, waƙa ta ƙare ke nan, sai addu'a, sai ci. Wanda ya ci gaba da rerawa a kan abinci ya raina albarka, wanda ya ƙi ci kuma ya zagi gidan. Chandi ya san wannan sarai, shekara nawa yana cin kek ɗin mutane. Lissafi kawai bai yi ba.

A gidan farko ya cika ƙirji da iska, ya saki murya:

"Jaki ya zo gaida Jariri, i-ho, i-ho,
Ya durƙusa bakin komi, i-ho, i-ho!"

Jakin bai gama miƙewa ba sai ga matar gida a guje, gashinta a jiƙe, da farantin dafaffen rogo da miyar kifi.

"Sannunku, sannunku, Yaya Chandi! Bismilla, kada ya huce!"

Chandi ya haɗiye sauran baitin, ya yi addu'a, ya ci. Da suka koma jirgi ya dubi Velappan yana murza gashin baki.

"Ka ga ƙauna? Ko wanka ba ta gama ba."

"Na gani. Baiti ɗaya," in ji Velappan, yana lashe yatsa.

A gida na biyu faranti ya riga su isowa matakalar bakin ruwa, wainar shinkafa ce da baƙin kofi. Ko "Jaki" bai furta ba. A gida na uku mai gidan bai jira su tsaya ba, ya shigo ruwa har ƙugu da farantin kek a ka, ya tare su a tsakiyar rafi yana haki.

"Haba, Yaya, da ka bari mun ƙaraso ƙofa."

"A'a, ina, babban mutum kamarka ai tarbarsa ake yi."

A gida na huɗu Chandi ya canza dabara. Ya ce wa Kochappi ya tuƙa a hankali ta bayan itatuwan ayaba, kada a gan su. Suka faɗo wa gidan ba zato, ya kama waƙa da gudu kamar ana bin sa. Jaki ya wuce, saniya ta wuce, tunkiya ta wuce. Daga ciki aka ji mai gida yana kururuwa:

"Ke! Ya kai akuya! Kawo faranti!"

"Shinkafar ba ta nuna ba!"

"Kawo ko mene ne!"

Sai ga faranti da ɗanyen mangwaro guda ɗaya da gishiri. Faranti dai faranti ne. Chandi ya yi addu'a a kan mangwaron, ya cinye, haƙoransa suka mutu.

A gida na biyar ya ce ai sai ido ya ga faranti doka take hawa kansa, don haka ya runtse ido gam, ya buɗe baki iya buɗewa. Ya kai zakara, yana tsakiyar cara, matar gidan ta zura masa soyayyar ayaba har maƙoshi.

"Allah ya amfana," ta ce.

Gida na shida babu kowa. Ƙofa a kulle, tagogi a rufe, a kan matakala an ajiye faranti an rufe shi da ganyen ayaba, an danne da dutse saboda hankaki.

Zuwa ƙarfe huɗu sun yi gida goma sha ɗaya. Chandi ya sassauta zanensa sau biyu. Cikinsa ya yi tsini a gaban jar riga, kofi yana kai-komo a ciki duk lokacin da jirgi ya karkata. In ya ja numfashi don waƙa, gyatsa ce take fara fitowa.

"Makirci ne," ya ce. "Pothen ya bi gida-gida ya haɗa baki da su."

"Wallahi babu wanda ya haɗa baki da kowa, suruki," in ji Kochappi. "Kowa dai ya san ciwon kansa."

"Tuƙa jirgi, ba shawara na kawo ka ba."

Velappan ya karkata kai, yana auna fuskar Chandi da ido. "Dama ka fi so ko hagu? Gara in sani tun yanzu."

Chandi ya yi wata dariya ta wanda ya ɓoye kibiya a bayansa.

"Wanzami, maida askarka. Kun manta da Kaka Eliyamma."

Gaskiya mun manta. Kaka Eliyamma, mai shekara tamanin da takwas, ita kaɗai ce a garin nan da ba ta taɓa kawo faranti da wuri ba. Duk shekara takan zauna a kujerarta a baranda, ta haɗa hannu a ƙirji, tana murmushi tun daga jaki har sauro. Chandi yakan ce ita ce kaɗai mai kunnen waƙa a Chembukari. Sauran gari kuwa sun san cewa ko aradu ta faɗi a cinyarta ba za ta ji ba.

Suka same ta a kujerar, da murmushin. Ta yi musu hannu su matso.

"Chandi, ɗana! Ka zo a daidai. Ka ga abin da jikata ta aiko min daga inda take aikin jinya?"

Ta juya kai ta nuna wata 'yar na'ura a kunnenta.

"Jiya na ji kukan tsuntsu, har na yi hawaye. Na ce yau zan ji waƙar nan taka da idona kaɗai ya sani. Fara, ɗana."

Kochappi ya dubi Velappan. Velappan ya dubi sama. Chandi kuwa ya gyara tsayuwa, ya ce, "Kaka, yau za ki san abin da kika rasa." Ya saki jaki.

Murmushin Kaka ya tsaya cak. Da saniya ta shigo, ta taɓa na'urar tana tsammanin ta lalace. Da tunkiya ta zo, aka sake maimaita jaki da saniya, ta dafa hannun kujera ta miƙe ba tare da sanda ba, abin da ba ta yi ba shekara biyar.

"Tsaya! Me kake yi haka?"

"Waƙar ce, Kaka."

"Wannan? Ashe abin da kake yi min a ƙofar gida shekara ashirin da biyu ke nan, ni ina ta sa maka albarka? Ni na ɗauka yabon Ubangiji kake!"

"Yabo ne, Kaka, dabbobi ne suke..."

"Jaririn da aka haifa cikin sanyi, uwarsa ta samu ya yi barci da ƙyar, ka tara masa wannan? Ke, yarinya! Kawo faranti! Kawo biyu!"

Suka koma jirgi. Ƙarfe biyar ta wuce. A karo na farko tsoro ya shiga Chandi da gaske. Ya kai hannu ya shafa gashin bakinsa a hankali. Tun kafin aurensa yake renonsa, kuma ran da aka kai shi ganin Sosamma, ta bayan labule shi ta fara hangowa ta ce ta yarda. Ya ga kansa gobe a coci, a layin gaba, da rabin fuska.

Can sai idonsa ya faɗa kan kwalekwalen mai tallan kifi da ke wucewa, da lasifika a ɗaure a sanda. Ya yi tsalle har jirgi ya yi tangal-tangal.

"Alƙali! Gidan Fada gida ne ko ba gida ba?"

"Gida ne."

"Na rantse cewa sai na taka ƙasa?"

"Ba ka ce ba."

"To abin nema ya samu!"

Gidan Fada yana jikin coci, a bakin babban tafki inda ruwa ya fi faɗi. Duk gari ya riga ya taru a can, wasu don raka mawaƙa, mafi yawa don kallon aski. Chandi ya sa Kochappi ya kafa gorar tuƙi a tsakiyar ruwa, nesa da gaɓa, inda ko mai dogon hannu ba zai miƙo faranti ba. Ya ɗaura lasifikar aro, ya hura ta sau biyu.

"Jama'ar Chembukari! Fada! Malam Pothen! A kawo faranti mu gani!"

Ya dubi Kochappi. "Buga garwar nan kamar ta ci maka mutunci."

Jaki ya fito ta lasifika, hankaki suka tashi daga rufin coci. Fada, saurayi ne sabon zuwa, ya leƙo ta taga ya rasa inda zai gudu, don gidansa ne. Malam Pothen ya fizgi farantin kek daga hannun wata mata, ya yi ta safa da marwa a bakin ruwa yana neman kwalekwale, duk an ɗaure su a can gefe an cika su da fitilu. Saniya ta wuce, akuya ta wuce, zakara ya yi cara. Baiti na bakwai, ɓauna. Na tara, giwa. Mata suka toshe wa yara kunne. Velappan ya fara maida aska cikin kube, fuskarsa a ɓace. Sosamma tana tsaye a ƙarƙashin itacen kwakwa, ta kasa tantance abin da take roƙo, ya ci ne ko ya faɗi.

Abin da babu wanda ya gaya wa Kochappi shi ne, garwar nan ita Thankan yake bugawa kullum da yamma in zai watsa wa agwaginsa abinci. Agwagi dubu uku ne. Suna can cikin gonakin shinkafa tun safe, kuma lokacin cin abincinsu ya yi.

A baiti na goma aka ga wani baƙin abu yana tahowa ta bakin tafki, kamar tabarma tana tafiya a kan ruwa.

"Suruki," in ji Kochappi, "akwai baƙi."

Chandi ya waiga bai yanke waƙa ba, ya ga taron, ya daki ƙirji, ya yi wa Kochappi alamar ya ƙara ƙarfi. A ransa cewa yake har halittun Allah sun zo shaida.

A baiti na sha ɗaya sun kewaye jirgi. A na sha biyu sun fara hawa. Suka shiga garwar da kai, suka ga wayam, suka koma kan Kochappi, suka bi aljihun Velappan inda ya ɓoye kek. Wata ta hau kafaɗar Chandi ta sa baki a lasifika, duk gari ya ji ra'ayinta. Shi kuwa bai fasa ba, yana ture su da gwiwar hannu yana kukan kada, idonsa a kan hasumiyar coci inda mai kaɗa ƙararrawa ya riga ya kama igiya.

Baiti na sha uku ya ƙare. Saura sauro, dabba mafi ƙanƙanta a duk waƙar. Chandi ya ɗaga hannu biyu sama, ya ja numfashi, ya taka gefen jirgi don a gan shi da kyau. Agwagi ɗari suka bi shi gefen. Jirgi ya yi tunani kaɗan, ya kife.

Lasifika ta yi wani ƙara ta mutu. Kochappi ya fito da ganye a ka, Velappan ya fito da askarsa a sama kada ta jiƙe. Chandi ya ɓullo ruwa iya wuya, ya buɗe baki.

"Sauro ya z..."

Wata agwagwa ta taka kansa ta wuce, ya koma ƙasa. Ƙararrawa ta kaɗa.

Da aka jawo shi matakala, ruwa na zuba daga jar riga, bai daina gardama ba.

"Sha uku da rabi! Sauro ma dabba ne? Ƙwaro ne!"

"Kai ka ce daga jaki har sauro," in ji Malam Pothen.

"To agwagin fa? Sun zo da ƙafarsu! Wace waƙa taku ta taɓa tara dubu uku?"

"Su ma faranti suka zo nema."

Fada ya so ya shiga tsakani, ya ce ranar murna ce, a yafe. Chandi da kansa ya ɗaga hannu. Duk cika bakinsa, bai taɓa cin amanar rantsuwa ba. Ya zauna a matakala ta uku, ya ɗaga haɓa, ya ce, "Hagu."

Aska ta bi sau uku. Mutane suka yi dariya har wasu suka zauna a ƙasa, maza masu gashin baki kuwa kowa ya kai hannu ya shafa nasa. Amma dariyar ba ta daɗe ba, don Chandi bai ce komai ba. Ya tsince gashin daga cinyarsa, ya ƙulle a bakin zane, ya rufe baki da tawul, ya bi hanyar gida. Ba mu taɓa ganin bayansa yana tafiya shiru ba, kuma gaskiya abin bai yi daɗin da muka zata ba.

Washegari, safiyar Kirsimeti, ya zo coci da tawul ɗin, ya zauna a layin baya. Mawaƙan Malam Pothen suka yi waƙoƙinsu masu tsafta, babu jaki, babu kada, Chandi ko amin bai ɗaga murya ya ce ba. Bayan sujada aka fito fili ana rabon kek, ya raɓe jikin bango shi kaɗai, yana kallon ƙasa.

Sosamma ta daɗe tana dubansa. Mace ce mai kamun kai, ko dariya ba ta yi da ƙarfi a waje. Ta miƙa wa wata farantin da ke hannunta, ta gyara mayafi, ta taka tsakiyar fili a gaban Fada da dattawa da surukan 'yarta, ta rufe ido, ta buɗe baki.

"I-ho, i-ho!"

Kowa ya waiwayo. Ta ci gaba, "Jaki ya zo gaida Jariri..."

Yara suka fara kamawa, don abin ya ba su dariya. Sai 'yan mata. Da aka kai saniya, mutumin da ya shiga ruwa da kek a ka ya yi wani kuka mai zurfi da ya ba shi kansa mamaki. Nan asiri ya tonu. Shekara ashirin da biyu ana ƙin waƙar nan, ashe babu wanda bai haddace ta ba. Velappan da ya zo karɓar rabonsa na kek ya yi zakara. Fada ya yi akuya, a hankali, yana duba ko ana kallonsa. Da aka zo baiti na bakwai wasu suka shiga kwaɗo, sai aka ji tsawa irin ta hedimasta:

"Ɓauna tukuna! Ɓauna kafin kwaɗo! Ba ku da kai ne?"

Kowa ya juya. Malam Pothen ne, yatsa a sama. Ya sauke yatsan a hankali, ya cire tabarau yana gogewa.

Chandi ya sauke tawul. Rabin gashin bakin ya miƙe tsaye kamar yana neman ɗan'uwansa, idanunsa sun cika da ƙwalla, bai damu ya share ba. Ya tako tsakiyar fili ya ɗaga hannu, ya ja gari gaba ɗaya ta giwa, ta kada, har sauro, babu wanda ya motsa faranti.

Da aka gama ya dubi Sosamma.

"Kada ka saba," ta ce. "Kuma ka je a aske ɗaya gefen, kamar jirgi mai filafili ɗaya."

"Sai ya tsiro ya tarar da shi." Ya juya ga jama'a, murya ta dawo gidanta. "Kun ji da kunnenku! Ni na faɗa, gida arba'in! Kuma albishirinku, jiya cikin ruwa Allah ya ba ni baiti na sha biyar. Agwagwa ta zo gaida Jariri..."

Farantai bakwai suka taso masa lokaci ɗaya daga kusurwa bakwai. Kaka Eliyamma kuwa, a kujerar da aka ajiye mata a inuwa, ta zare na'urar daga kunne, ta ƙulle ta a bakin mayafi, ta haɗa hannu a ƙirji, ta ci gaba da murmushi.